Kwana Huɗu a Ɗaki Mai Lamba 30: Nazari Kan Lamarin Tyler Clementi na Jami'ar Rutgers

A watan Agustan 2010 Jami'ar Rutgers, babbar jami'ar gwamnatin jihar New Jersey a Amurka, ta sanar da sababbin ɗalibanta wanda kowa zai zauna da shi a ɗakin kwana. Ɗaki mai lamba 30 a ginin Davidson da ke Piscataway ya faɗa wa samari biyu 'yan shekara 18 da ba su taɓa ganin juna ba. Ɗaya shi ne Tyler Clementi daga garin Ridgewood, yaro mai kunya da ƙarancin magana, gwanin gogen nan na Turawa, wanda iyawarsa ta sa aka ɗauke shi a babbar ƙungiyar makaɗan jami'ar tun yana ɗan aji ɗaya. Ɗayan kuwa Dharun Ravi ne, haifaffen Indiya da ya tashi a garin Plainsboro, mai son jama'a da barkwanci, wanda ya san kan kwamfuta sosai.

Tun kafin su haɗu kowa ya shiga intanet ya binciki ɗan'uwansa. Ravi ya bi sawun adireshin imel ɗin Clementi har ya kai ga rubuce-rubucensa a wani dandali na masu neman jinsi ɗaya, ya faɗa a Twitter, ya kuma riƙa yi wa abokansa hira cewa da alama wanda aka haɗa shi da shi talaka ne. Shi ma Clementi ya leƙa shafin Ravi, ya yi 'yan maganganunsa a kan dangin Ravi a hirarsa da abokai. A ƙarshen Agusta suka tare. Mako uku suka yi gado na kallon gado, amma da ƙyar magana ke haɗa su. Duk abin da kowa ya sani game da ɗan'uwansa, a fuskar kwamfuta ya karanta shi, ba daga bakinsa ya ji ba.

Abin da ya faru tsakanin 19 da 22 ga Satumba ya zama ɗaya daga cikin lamurran da aka fi ambata idan ana maganar cin zarafi ta intanet a jami'o'i. Sai dai labarin da ya fara bazuwa ba daidai ba ne. An ce an ɗauki bidiyon Clementi an watsa wa duniya. Shaidun da aka gabatar a kotu sun nuna ba a naɗi komai ba, ba a ɗora bidiyo a ko'ina ba, kuma waɗanda suka gani da idonsu 'yan ƙalilan ne, na 'yan daƙiƙoƙi. Wannan ne ma ya sa nake ganin lamarin ya cancanci a zauna a dube shi da kyau. Da a ce gagarumin aiki ne na wani azzalumi na daban, da kowa sai ya ce ni ba haka nake ba, ya kama gabansa. Abin da aka yi kuwa bai fi ƙarfin kowane ɗalibi mai waya a hannu ba, kuma yawancin waɗanda suka sa hannu a ciki raha suka ɗauke shi.

Daga Lahadi zuwa Laraba

Ranar Lahadi 19 ga Satumba Clementi ya aika wa Ravi saƙo yana roƙon ya bar masa ɗakin zuwa tsakar dare, zai yi baƙo. Baƙon namiji ne da ya girme su, kuma ba ɗalibi ba ne. Kotu ta sakaya sunansa. Ravi ya tsallaka ɗakin Molly Wei, wadda suka yi sakandare ɗaya, ɗakinta kuma na kallon nasu. Ya riga ya saita kwamfutarsa ta yadda duk wanda ya kira ta ta manhajar hirar bidiyo ta iChat, kyamara za ta buɗe da kanta ba sai an amsa ba. Daga kwamfutar Wei ya kira tasa. Suka ga mutanen biyu suna sumbatar juna, suka rufe. Daga baya Ravi ya ce tsoron kada baƙon ya ɗauke masa iPad ne ya sa shi leƙawa. Ko an karɓi wannan uzuri, ba ya wanke abin da ya biyo baya, domin cikin 'yan mintoci ya rubuta wa mabiyansa na Twitter, su kusan 150, cewa abokin ɗakinsa ya nemi ɗaki zuwa tsakar dare, shi kuma ya shiga ɗakin Molly ya kunna kyamara ya gan shi da namiji. A daren dai Wei ta sake buɗe kyamarar ta nuna wa wasu ɗalibai kaɗan.

Na san akwai mai karatun da zai so ya tsaya a nan, saboda jin wane ne baƙon. Matsayin addini da al'adar jama'armu a kan wannan batu ba ɓoyayye ba ne, kuma ba shi na zauna tattaunawa ba. Amma ina roƙon a ci gaba da karatu. A cire baƙon nan a sa kowane irin sirri a madadinsa: budurwar da iyaye ba su san da ita ba, cutar da mutum ke ɓoyewa, bashin da ya yi masa katutu, hoton yarinya ba ɗankwali a cikin ɗakinta, jarrabawar da aka faɗi. Hanyar da ake bi a tona asirin, da irin ɓarnar da tonon ke yi a zuciya, ba su canzawa. Aya ta 12 a Suratul Hujurat da ta hana bin diddigin sirrin mutane ba ta ce sai sirrin da muka yarda da shi ba.

Washegari Clementi ya ga abin da aka rubuta. Da farko ya nuna wa wata ƙawarsa da suke hira kamar abin bai dame shi ba, har da dariya. Amma cikin dare ya shiga wani dandali yana neman shawarar baƙin da bai sani ba. A can ya faɗi abin da ya fi ci masa rai: mutanen da ke amsa wa Ravi, shi Ravin suke tausayawa, suna tambayarsa yaya ya iya komawa ɗakin, lafiyarsa ƙalau kuwa. Ya ce ta yaya ba wanda ya ga laifin leƙen da aka yi masa? Da asubahin Talata 21 ga wata ya cike takardar neman sauyin ɗaki ta shafin jami'a, ya rubuta cewa abokin ɗakinsa ya yi amfani da kyamara ya leƙe shi.

A ranar Talatar ya sake neman ɗakin. Wannan karon Ravi bai tsaya ga leƙe shi kaɗai ba, gayya ya yi. Ya rubuta a Twitter cewa duk mai iChat, in ya isa, ya kira shi tsakanin ƙarfe 9:30 da 12 na dare, abin zai sake faruwa. Ya juya kyamarar ta fuskanci gadon Clementi, ya kuma gaya wa wasu cewa za a taru a kalla. Clementi ya ga sanarwar. Ya je ya sami babban ɗalibin da jami'a ta ɗora wa kula da ɓangarensu ya kai ƙara, ya koma ɗaki ya cire wa kwamfutar Ravi wuta. Ba wanda ya ga komai a daren. Bayan tsakar dare ya aika ƙorafinsa a rubuce, yana cewa an keta masa sirri, kuma ba zai iya sakewa da zama ɗaki ɗaya da mai irin wannan hali ba.

Ranar Laraba 22 ga wata ya halarci atisayen ƙungiyar makaɗa kamar yadda ya saba. Da yamma ya bar makaranta ya nufi New York. Da ƙarfe 8:42 na dare ya sa gajeren saƙon bankwana da ban haƙuri a Facebook, kuma a daren ya kashe kansa. 'Yan mintoci bayan saƙon nasa, Ravi, wanda aka riga aka sanar da shi ƙarar da aka kai, ya aika masa doguwar ban haƙuri ta waya. An gano gawar Clementi bayan mako guda.

Ina ciwon damuwa ya shigo?

Ciwon damuwa ba ɓacin ran yini ɗaya ba ne, ba kuma ƙarancin tawakkali ba ne. Likitoci na kiran abu da wannan suna idan mutum ya kai mako biyu ko fiye zuciyarsa a ƙuntace kusan kullum, ko ya daina jin daɗin abubuwan da a da yake so, tare da wasu alamomi: barci ya lalace, cin abinci ya sauya, jiki ya mutu, karatu ya ƙi zama, mutum ya riƙa ganin kansa ba shi da wani amfani, wani lokaci har ya riƙa tunanin mutuwa. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu fama da shi sun kai kusan miliyan 280, kuma mutum ya kashe kansa na cikin manyan abubuwan da ke ɗauke matasa 'yan shekara 15 zuwa 29. Shekarun jami'a na cikin lokacin da irin waɗannan cututtuka suka fi fara bayyana. Yaro ya bar gida karon farko, ya rabu da waɗanda suka san halinsa tun yana ƙarami, bai kuma riga ya yi sababbin da zai jingina da su ba.

A kan wannan yanayi cin zarafi ta intanet ke sauka, kuma yana da wasu siffofi da zagin fatar baki ba shi da su. Lamarin Clementi ya nuna su ƙarara.

Wanda aka ci wa mutunci a bakin aji yana da inda zai koma ya rufe ƙofa. Clementi ba shi da shi, domin a cikin ɗakin kwanansa kyamarar take, tana kallon gadonsa. Ko ga wanda ba a sa wa kyamara ba, wayar da ke ƙarƙashin matashin kansa ita ce ƙofar da zagin ke shigowa, dare da rana. Sannan bai san adadin waɗanda suka sani ba. Mu yanzu mun san 'yan kaɗan ne suka gani, kuma mabiyan Ravi ba su kai 200 ba. Shi a lokacin ba shi da hanyar sanin haka. Duk wanda ya haɗu da shi a kan matakala ko a ɗakin cin abinci, yana iya zama ya karanta. Duk dariyar da ta tashi a bayansa, tana iya zama da shi ake. Mutum mai kunya irinsa, wanda bai cika wata guda a makaranta ba, wannan zato kaɗai ya isa ya hana shi barci.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a duk shaidun shari'ar shi ne wani adadi da masu gabatar da ƙara suka fitar daga kwamfutarsa: a kwana biyun ƙarshe na rayuwarsa ya buɗe shafin Ravi na Twitter sau 38. Hausawa na cewa magana zarar bunu ce, amma ko ita maganar baki, in an faɗe ta iska na ɗauke sautinta, kwanaki kuma su rage mata kaifi. Rubutacciya tana nan yadda aka bar ta. Mutum zai koma ya karanta, ya fita, ya dawo ya ga ko an ƙara wani abu, ko wani sabo ya yi dariya. Masana halayyar ɗan'adam sun daɗe da gano cewa yawan saƙa da warwara a kan abu guda mai ciwo, ba tare da an kai ga mafita ba, na cikin abubuwan da ke jawo ciwon damuwa, suna kuma tsawaita shi. Shafin da ake iya buɗewa a kowane lokaci yana ciyar da wannan hali ba tare da ya gaji ba. Duk wanda ya taɓa ganin ɗalibar da aka saka hotonta a guruf ɗin aji ta kwana tana duba waya, tana ƙirga waɗanda suka gani, ya san abin da ake nufi.

Bincike ya goyi bayan cewa alaƙar gaskiya ce. A 2015 Ellen Selkie da abokan aikinta sun wallafa nazarin da suka yi a kan ɗalibai mata 265 daga jami'o'i huɗu na Amurka. Kashi 27 cikin ɗari sun ce cin zarafi ta intanet ya shafe su a jami'a, kuma yiwuwar samun alamomin ciwon damuwa a wurin waɗannan ya ninka na sauran kusan sau uku. Wani abin lura shi ne su ma masu cin zarafin ba su tsira ba. An same su da yawan alamomin damuwa da matsalar shan giya. A 2018 Ann John ta Jami'ar Swansea a Birtaniya da abokan aikinta sun tattara nazarce-nazarcen da suka shafi yara da matasa sama da 150,000 daga ƙasashe 30, suka ga waɗanda aka ci zarafinsu ta intanet sun fi sauran faɗawa cutar da kai ko yunƙurin kashe kai fiye da ninki biyu.

Duk da haka, kuskure ne a miƙe layi daga saƙon Twitter zuwa mutuwa a ce wannan ne ya haifi wancan, shi ke nan. Clementi ya shigo jami'a da kayansa a kai. Kwanaki kaɗan kafin ya bar gida ya gaya wa iyayensa halin da yake ciki, ya kuma rubuta wa wani cewa mahaifinsa ya karɓi maganar amma mahaifiyarsa kamar ta juya masa baya. Ita Jane Clementi ta faɗa daga baya a bainar jama'a cewa maganar ta yi mata nauyi a lokacin saboda abin da aka koyar da ita a cocinsu, amma ba ta taɓa daina son ɗanta ba, har suna waya bayan ya tafi. An kuma samu wasu rubuce-rubuce a kwamfutarsa, wasu tun kafin ya shiga jami'a, waɗanda sunayensu kaɗai ke nuna ƙunci; ɗaya sunansa tambaya ce, me ya sa komai ke da ciwo haka. Katangar ƙasa da ta sha ruwan damina, ba ruwan daren ƙarshe kaɗai ke kayar da ita ba, amma wanda ya juyo mata indararo ba zai ce ba ruwansa ba. Ravi bai san abin da ke cikin abokin ɗakinsa ba. Babu mai tona asirin wani a intanet da ya san nauyin da wancan ke ɗauke da shi, kuma a ganina wannan rashin sani hujja ce a kansa, ba uzuri ba.

Alaƙar ma ba hanya ɗaya take bi ba. Wani nazari da Manuel Gámez-Guadix da abokansa suka wallafa a 2013, bayan sun bi matasa 845 a Sifaniya na wata shida, ya nuna cin zarafin na ƙara alamomin damuwa daga baya, su kuma masu alamomin damuwa tun farko sun fi zama abin hari. Wanda ya kaɗaice, ba shi da masu tare masa, shi aka fi samun sauƙin taɓawa. Ya kamata kuma a faɗa a sarari cewa mafi yawan waɗanda ake ci wa zarafi ba sa kashe kansu. Abin da ya fi faruwa ba ya shiga jarida: ɗalibi ya daina zuwa lacca don kada a gan shi, ya fita daga guruf ɗin da ake sanar da jarrabawa, sakamako ya faɗi, wani ya ajiye karatun. Ciwon damuwa kuwa yana da magani, ta hanyar zama da ƙwararru ko shan magani ko duka biyun, kuma yawancin waɗanda suka samu kulawa suna samun sauƙi.

Waɗanda suka gani

An ce labarin zuciya a tambayi fuska. A nan fuska ba ta ba da labari ba. Clementi ya yi duk abin da ake ce wa wanda aka zalunta ya yi. Ya ajiye hoton saƙonnin, ya nemi shawara, ya cike takarda, ya kai ƙara baki da baki, ya rubuta, ya je atisaye. Babban ɗalibin da ya karɓi ƙarar bai yi wasa da ita ba. Ya miƙa ta sama, har ya yi masa tayin ya kwana a wani gado a ɗakinsa, Clementi ya ce a'a. Wato ba za a ce jami'a ta toshe kunne ba. Sai dai an karɓi maganar a matsayin rikicin abokan ɗaki da laifin ladabtarwa, wanda ke bin matakansa na ofis. Tambayar da aka yi ita ce me aka yi maka, kuma wane ɗaki za a mayar da kai. A ganina akwai tambaya ta biyu da ya kamata ta zama dole a duk inda ɗalibi ya kawo ƙarar tonon asiri: yaya kake kwana, kana cin abinci, wa kake da shi a nan, kuma ko tunanin cutar da kanka ya taɓa zo maka? Masana sun nuna yin wannan tambaya kai tsaye ba ya saka wa mutum tunanin da ba shi da shi. Natsuwar mai ƙara ba shaidar lafiyarsa ba ce.

Sai kuma sauran ɗalibai. Gayyatar ranar Talata a fili aka yi ta, sa'o'i kafin lokacin. Mutane sun karanta. Wasu sun ji daga bakin Ravi, har akwai waɗanda suka taimaka masa gwada ko kyamarar na kallon inda ake so. Clementi da kansa ya gano shirin, shi kaɗai kuma ya tsayar da shi. Ina ganin da mutum ɗaya daga cikin masu karantawar ya amsa a fili ya ce wannan ba daidai ba ne, ko ya ƙwanƙwasa ƙofar ɗaki mai lamba 30 ya ce na ga abin da aka yi maka kuma ban ji daɗi ba, da aƙalla tambayar nan da Clementi ya yi a dandali ta sami amsa. Ba na cewa hakan zai ceci ransa tabbas. Ina cewa abin da ya rubuta da hannunsa ya nuna shirun jama'a ya yi masa ciwo kamar yadda leƙen ya yi.

A wannan gaɓar ce lamarin ya taɓo mu kai tsaye. Ɗakunan kwanan jami'o'inmu sun fi na Rutgers cunkoso, kowa kuma da kyamara a aljihu, ga guruf-guruf na WhatsApp da hoto ke zagaya aji cikin minti ɗaya. Najeriya na da dokar laifukan intanet ta 2015, wadda sashe na 24 nata ya shafi muzgunawa ta saƙonni, aka kuma yi mata gyara a 2024, amma an fi jin sunan sashen a shari'un 'yan jarida da masu sukar mahukunta. An sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a Janairun 2023, ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, sai dai sashe na 231 na kundin Penal Code da ake aiki da shi a Arewa ya sa yunƙurin kashe kai cikin laifukan da ake iya ɗaure mutum har shekara guda. Ɗalibin da ya san haka, ga kuma tsoron kada a ce ya taɓu, da wuya ya buɗe baki. Asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Kware da Maiduguri, da sassan kula da ƙwaƙwalwa a asibitocin koyarwa, suna nan suna karɓar masu ciwon damuwa, amma sau da yawa sai wani na kusa ya lura ya kama hannun mutum ya kai shi.

A gaban kotu

Kwanaki kaɗan bayan mutuwar aka tuhumi Ravi da Wei da keta sirri. A Afrilun 2011 aka faɗaɗa tuhumar Ravi zuwa laifuka 15, ciki har da tsoratarwa saboda ƙyamar wani rukunin mutane, da ɓata shaida, domin ya goge wasu saƙonni ya kuma yi ƙoƙarin tsara wa Wei abin da za ta faɗa wa 'yan sanda. Wei ta amince ta ba da shaida, aka ɗora mata aikin hidimar al'umma na sa'o'i 300. An yi wa Ravi tayin sulhun da ba ɗauri a cikinsa, ya ƙi. Ba a tuhume shi da mutuwar Clementi ba, shi ya sa ma alƙali bai bari a buɗe rubuce-rubucen mamacin a shari'ar ba. Amma mutuwar tana zaune a cikin kotun, kowa na jin ta.

Ranar 16 ga Maris 2012 masu taya alƙali yanke hukunci suka same shi da laifi, laifin da ke iya kai mutum ga ɗaurin shekara 10. Ranar 21 ga Mayu Alƙali Glenn Berman ya yanke masa kwana 30 a gidan yari, shekara uku ƙarƙashin sa ido, hidimar al'umma ta sa'o'i 300, da biyan dala 10,000. Ya ce bai yi imanin Ravi ya tsani Clementi ba, amma ya aikata abin da ya aikata ne cikin matsanancin rashin damuwa da halin wani, ya kuma ce masa bai ji ya ba da haƙuri ko sau ɗaya ba. Kwana 20 ya yi aka sake shi. Hukuncin ya raba kan mutane: wasu na ganin ya yi sauƙi ƙwarai, wasu kuma, har da wasu masu fafutukar kare irin su Clementi, na ganin ana neman ɗora wa yaro ɗaya laifin al'umma gaba ɗaya. Shi ma Ravi ya ɗanɗana abin da ya shayar, ninkin-ba-ninkin. Mutanen da ba su san shi ba sun yi ta kiransa mai kisan kai a intanet, bisa labarin bidiyon da ba a taɓa ɗauka ba. Ban ga yadda wannan ya bambanta da abin da ake zarginsa da shi ba.

A ɓangaren doka, majalisar New Jersey ta gaggauta zartar da wani ƙudurin yaƙi da cin zali a makarantu da aka riga aka fara shiryawa, Gwamna Chris Christie ya sa masa hannu a Janairun 2011. Yawancinsa firamare da sakandare ya shafa, amma ya wajabta wa manyan makarantun gwamnatin jihar su sa haramcin cin zali a cikin dokokin ɗalibai. Sanata Frank Lautenberg da ɗan majalisa Rush Holt sun gabatar da ƙudurin tarayya mai sunan Clementi, wanda zai tilasta wa jami'o'in da ke karɓar kuɗin gwamnati su yi tsarin hana muzgunawa har da ta intanet. An sha sake gabatar da shi a majalisu daban-daban ba tare da ya wuce ba. Iyayensa sun kafa gidauniya da sunansa a 2011, Rutgers kuma ta buɗe cibiyar bincike mai sunansa a 2013.

A 2015 kotun ƙolin New Jersey, a wata shari'a ta daban, ta soke ɓangaren dokar ƙyama da ke auna laifi da abin da wanda aka zalunta ya ji a ransa maimakon niyyar mai laifin. Da yake an dogara da wannan ɓangare a shari'ar Ravi, kotun ɗaukaka ƙara ta rushe hukuncinsa a Satumban 2016, ko da yake alƙalan sun yi tir da yanayin da ya mayar da sirrin mutum abin kallo a ɗakin kwanan 'yan aji ɗaya. A watan Oktoba na shekarar Ravi ya amsa laifi guda, na yunƙurin keta sirri a daren Talata, aka ɗauki zaman da ya riga ya yi a matsayin hukuncinsa, aka rufe shari'ar.